Barin taba sigari a Legas: yadda ƙawarta ke kama mutum, da yadda ake shan kanta

Duk mashayin taba sigari da ke azumin Ramadan ya riga ya yi abin da yake rantsuwa ba zai iya ba. Daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, wajen awa 13 a nan Legas, ba ya kunna ko kara ɗaya, kuma haka zai yi ta yi har wata ya ƙare. Ɗan dako a kasuwar Mile 12 yana yi da kwandon tumatir a ka, direban tirela yana yi a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa, mai gadi a Lekki yana yi bayan ya kwana bai runtsa ba. Amma shi wannan mutumin, in Salla ta wuce aka ce ya haƙura da taba na yini guda, sai ya ce kansa zai tsage. Kuma ba ƙarya yake ba. Abin da ya sauya shi ne a Ramadan an tsara masa yininsa. Ya san ba hanya, abokansa ba sa sha a gabansa, kunya ba za ta bar shi ya tsaya gaban mai tireda da rana tsaka ba, ya kuma san lokacin da wahalar za ta ƙare. Zuciyar ɗaya ce a wata tara da wata goma. Tsarin ne ya tafi.

Mun saba ɗaukar lamarin a matsayin taurin kai. Uwa ta yi faɗa ta waya daga gida, mata ta yi ƙorafin wari, liman ya yi wa'azi, wani ya jefa masa "sabo turken wawa". Ni dai ban ga mashayin da ya mallaki hankalinsa bai san taba na cutar da shi ba. Tun 2021 kwalayen sigari a Najeriya ke ɗauke da hotunan gargaɗi masu tayar da tsikar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na masu amfani da ita so suke su rabu da ita. A ƙasarmu, ƙidayar da aka yi kan manya a 2012 ta samu kusan mutum miliyan 4 da rabi na amfani da taba, yawancinsu maza. Niyya dai akwai. Sai dai cikin masu gwada dainawa da ƙarfin hali kawai, ba magani ba shawarar kowa, 3 zuwa 5 cikin 100 ne ke ɗorewa a kowane yunƙuri. Wanda ya haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya kuwa, damarsa tana iya ninkawa har fiye da sau biyu. Saboda haka tsawa ba ta da amfani a nan. Abin da mashayi ke bukata shi ne ya fahimci abin da ke riƙe da shi.

Sunansa nikotin, sinadari ne da ke cikin ganyen tabar kansa. In aka zuƙi hayaƙi yana bi ta huhu ya shiga jini, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa. Wannan saurin shi ne sharrinsa, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ladarsa ke zuwa nan take. Da ya isa sai ya sa a saki dofamin, sinadarin da ke kawo ɗan jin daɗi da sakewa, zuciya ta ƙara bugu, ido ya ɗan buɗe. In aka yi ta maimaitawa wata da watanni, ƙwaƙwalwa sai ta sake shiri, ta ƙara yawan gurabun da ke karɓar nikotin, har ta kai ba ta jin daidai sai yana nan. Shi kuwa ba ya daɗewa a jini, cikin kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Daga nan ƙunci ya fara, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙaramin abu ya ba mutum haushi. Ya kunna kara, komai ya lafa, sai ya ce taba ta kwantar masa da hankali.

A nan mafi yawan mashaya ke ruɗuwa, kuma ban ga laifinsu ba, domin kwanciyar hankalin gaskiya ce, ana jin ta a jiki. Amma tashin hankalin da ta kwantar, karan da ya gabata ne ya haddasa shi. Kamar mai bin ka bashi ne da ke zuwa ƙofa duk bayan awa biyu: ka ba shi wani abu ya tafi, ka samu sararin numfashi, alhali abin da ka biya shi da shi sabon rance ne daga hannunsa, don haka dole ya dawo. Natsuwar da mashayi ke saya da kuɗinsa sau goma a yini, wanda ba ya shan taba yana cikinta kyauta. Binciken da aka yi kan waɗanda suka daina ya nuna cewa bayan makonni kamar 6, damuwa da ƙuncin ransu raguwa suke yi.

Likitoci suna da tambaya guda da ke nuna zurfin kamun: in ka farka da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna na farko? Wanda ba ya kai minti 30 jikinsa ya dogara da nikotin sosai. Wanda ba ya kai minti 5, wanda ashana ke gefen tabarmarsa, shi ne ya fi kowa bukatar magani, kuma bai kamata ya ji kunyar nemansa ba.

Akwai kuma rarrabewar da za ta yi amfani nan gaba. Nikotin ne ke riƙe mutum, amma hayaƙin ne ke yin mafi yawan ɓarnar. A cikinsa akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Akwai baƙin danƙo mai manne wa huhu. Akwai kabon monoksaid, ita ce dai iskar da ke fitowa daga janareta, wadda mukan ji labarin ta kashe iyali guda cikin barci, tana shiga jini ta kwace gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita.

In aka daina, wahalar jiki tana da farko tana da ƙarshe, kuma sanin haka ya kai rabin magani. Tana somawa cikin 'yan awoyi, ta kai ƙololuwa a kwana na 2 zuwa na 3, makon farko shi ne mafi tsanani, daga nan ta riƙa sauka, galibi cikin mako 2 zuwa 4 ta lafa. Saurin fushi, rashin barci ko munanan mafarkai, ciwon kai, yawan jin yunwa, taurin bayan gida, mutuwar jiki, duk suna cikin lissafi. Babu wanda ke kisa a cikinsu. Mafi yawan masu komawa a makon farko suke komawa, wato dab da lokacin da abin zai fara sauƙi, suna zaton haka za su dawwama.

Ita kuwa ƙawar taba, wannan jan da ke zuwa kamar zai ɗauke mutum, ba yini take yi ba. Tana tasowa, ta yi ƙarfi, ta sauka, yawanci cikin minti 3 zuwa 5, ko an sha ko ba a sha ba. Mashayi bai san haka ba saboda bai taɓa tsayawa ya ga saukarta ba, kullum a tsakiya yake kashe ta da kara. Aikin mai dainawa ke nan: ya tsallake minti biyar, sau da yawa a kwanakin farko, sannan jifa-jifa, har ta zama baƙuwar da ke leƙowa sau ɗaya a wata.

To amma me ke dawo da mutum bayan wata uku, lokacin da babu sauran nikotin a jininsa? Sabo ne. Mai shan kara 10 a rana, in yana zuƙar kowanne sau 10, ya kai hannu baki sau 100 a yini, sau 36,500 a shekara. Kowace zuƙa ƙwaƙwalwa tana ɗaure ta da abin da ke gefenta: gama cin abinci, kofin shayi, shiga bayan gida, ƙamshin tabar wani, bacin rai bayan ciniki ya lalace, benci kaza a majalisa kaza. Daga baya waɗannan abubuwan da kansu suke kiran taba.

A nan ne Legas ke da nata nauyin. Gari ne na jira, kuma sana'o'in da mutanenmu suka fi yi a cikinsa na jira ne. Direba kan yi kwanaki a layin Apapa ko Tin Can motar ba ta motsa ba. Mai gadi yana zaune daga magariba zuwa asuba, shi da sauro. Ɗan canji yana jiran mai kawo dala, mai tsire yana jiran gawayi ya kama, mai sayar da shanu a mayankar Oko-Oba yana jiran mahauta, kowa kuma yana jira a cunkoson hanyar Ikorodu. Taba ta fi son irin wannan lokaci, hannu ba aiki, zuciya na ta saƙe-saƙe. Ga kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Saurayin da a garinsu ba zai iya riƙe sigari a inda babansa ko surukinsa zai gan shi ba, ya zo ci-rani Legas ya tarar ba mai kallonsa. Kunyar da ke taka masa birki a gida ta tsaya a tasha. Iyali suna nesa, dare ya yi tsawo, ɗakin da suke kwana su biyar ko shida uku na busawa.

Sai kuma kara ɗaya-ɗaya. Dokar taƙaita taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta ce sai dai cikin kwali mai ƙunshe da aƙalla 20, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Jihar Legas ma tun 2014, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, take da dokarta ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. Amma duk wanda ke Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san a kowane lungu ana samun kara ɗaya, sau da yawa a tiredar ɗan'uwanmu, wani lokaci ma bashi. Wannan ba ƙaramin tarnaƙi ba ne. Wanda zai sayi kwali guda sai ya yi tunani, ya ji ya karya alkawari. Kara ɗaya kuwa canjin biredi ne, kafin minti biyar ɗin nan su wuce har ya kunna.

Saboda haka shiri ya riga ranar dainawa. A tsayar da rana, kada ta wuce mako biyu daga yau, don niyya ba ta son dogon jira. Kafin ranar, mutum ya sa wa kansa ido: wane kara nake sha, a ina, da wa, bayan me? Wanda rubutu ke masa wuya ya naɗi murya a wayarsa. Cikin 'yan kwanaki zai gane cewa daga cikin goman nan, uku ko huɗu ne masu ƙarfi, sauran rakiya ce. Waɗannan ukun su za a yi wa tanadi tun kafin su zo. In na bayan abinci ne, to da an gama a miƙe, a wanke baki, a bar wurin. In na teburin mai shayi ne, a karɓi shayin a tafi da shi wani wuri na tsawon wata guda. Daren jajibirin ranar a fitar da komai, sauran kara, ashana, laita, a wanke tufafi da bargo, direba ya share gaban motarsa. Kada a ajiye ko ɗaya da sunan "ko da za a bukata", domin za a bukata. Mai iya haɗa ranar da azumin Litinin ko Alhamis, ko farkon Ramadan, ko azumin kwana 40 ga 'yan'uwanmu Kirista, ya samu abin dogarawa. Sai dai a Ramadan haɗarin yana bayan shan ruwa, inda wasu ke jera kara uku kafin su taɓa abinci har jiri ya ɗebe su. Wanda ya zauna cikin jama'a daga buɗa baki har aka idar da asham ya tsallake mafi wuyar daren.

A kuma faɗa wa mutane, da baki, ba kewaye-kewaye. A je wurin mai tireda a ce, "Malam, daga ranar Litinin ko na roƙe ka kada ka ba ni." A gaya wa abokan ɗaki su riƙa fita waje in za su sha. Za a samu mai cewa, "Haba mutumina, kara ɗaya ai ba komai." Amsar ita ce "na daina", ba "ina ƙoƙarin dainawa" ba, domin ta biyun gayyatar ciniki ce. Ina kuma tausaya wa mai tiredar da shi kansa yake son dainawa, kwalaye na gabansa daga safe har dare. Ko dai ya mayar da su inda sai ya miƙe zai ɗauko, ko ya zauna ya lissafa ribar da sigari ke kawo masa a wata, ya ga ko ta kai ya ci gaba da ajiye ta.

Idan ƙawar ta taso fa? Abu na farko, a dubi agogo, a ce sai bayan minti biyar. Sannan a ba jiki wani aiki. Ruwa mai sanyi, a kurɓa a hankali. Numfashi mai zurfi ta hanci, a fitar sannu ta baki, sau goma. Tafiya da sauri ta minti 5 zuwa 10 an gwada an ga tana rage ƙawar nan take, ko zagaye tirela ne ko kaiwa da komowa a bakin get. Alwala da raka'a biyu suna haɗa abubuwa da yawa wuri ɗaya: an bar wurin, an taɓa ruwa, hankali ya koma wani waje. Kiran gida ma haka, muryar ɗiyarka a waya ta fi minti biyar. Ga hannu da baki kuwa ban ga abin da ya kai asuwaki ba. Tsawonsa ya yi kusa da na kara, yana da ɗan ɗaci, ba tsada, ba mai yi maka kallon banza, kuma a Legas Yarabawa ma suna da nasu itacen goge baki a kowace kasuwa. Gyaɗa, aya, dabino, karas duk suna taimakawa, amma a yi hattara da alewa da lemon kwalba. Yawancin masu dainawa kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, wanda bai kai ko kusa da cutar taba ba, amma ba dalili a ƙara masa sukari.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, kuma ba a cika sanin sa ba. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro, da sauri. Da an daina, hanta ta koma tafiyarta ta asali, sai kafeyin ya riƙa taruwa a jini fiye da da. To abin da mai dainawa ya fi yi shi ne ya ninka goro, ya ce wa mai shayi ya ƙara Nescafé. Sai ga bugun zuciya, rawar hannu, rashin barci, ya ɗauka rashin taba ne, ya koma. A makonnin farko a rage goro da kofi zuwa kamar rabi, kada a ƙara. Wannan canjin na hanta ya shafi wasu magunguna ma, don haka mai shan maganin taɓin hankali, ko na asma, ko na ciwon sukari ya sanar da likitansa cewa zai daina taba, ƙila a gyara masa awo. Mai gadi da direban dare da ke cewa taba ce ke hana su barci, ina roƙonsu kada su maye gurbinta da tiramadol ko wasu ƙwayoyi. Wannan ramin ya fi wanda ake fitowa zurfi. Mai shan giya kuma ya sani ita ce ta fi komai rushe niyya a watan farko.

Batun magani yanzu. A Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko kan yi wa manya maganin dogaro da taba, ta amince da hanyoyi huɗu. Ta farko ita ce a ba jiki nikotin mai tsabta, ba hayaƙi, a riƙa ragewa har a yaye shi. Wani zai ce ai guba ce aka sake ba shi. A tuna rarrabewar da muka yi: hayaƙi ne mai yawan kisa, kuma wannan hanyar tana ƙara damar nasara da kusan rabi ko fiye. Akwai filasta da ake mannawa a fata, tana sakin nikotin a hankali yini guda. Mai shan fiye da kara 10 yakan fara da mai miligiram 21, ya sauko 14, sannan 7, cikin mako 8 zuwa 12. A zafin Legas da guminta, a manna a busasshiyar fata marar gashi, a riƙa sauya wuri kullum. Akwai cingam mai miligiram 2 ko 4, da alewar tsotsa. Cingam ɗin ba a tauna shi irin na yara. A tauna kaɗan har a ji yaji-yaji, a ajiye tsakanin kunci da dasashi, in yajin ya tafi a sake taunawa, har wajen minti 30, kuma kada a sha shayi ko lemo minti 15 kafin nan. Mai tauna shi da sauri yana haɗiye ruwan zai samu shaƙuwa da tashin zuciya, ya ce ba ya aiki. Haɗa filasta da cingam ya fi kowanne shi kaɗai: filasta ta riƙe yini, cingam ya tari ƙawar da ta taso ba zato. Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da kaɗan, ko jefarwa bayan mako biyu don an ji sauƙi. Mace mai ciki da wanda bai daɗe da samun ciwon zuciya mai tsanani ba su fara ganin likita. Mai azumi ya bar cingam sai dare, batun filasta da rana kuma ya tambayi malaminsa.

Sauran ukun ƙwayoyi ne, kuma ba na sayen kan tebur ba ne. Bareniklin, wanda aka fi sani da sunan Champix, yana zama a gurabun nikotin a ƙwaƙwalwa, ya rage ƙawa, ya kuma sa in an sha taba ba a jin daɗinta. Ana fara shi mako guda kafin ranar dainawa, a sha na mako 12, yakan kawo tashin zuciya da mafarkai. Bufurofiyon, mai sunan kasuwa Zyban, ba a ba mai farfaɗiya. Sitisin daga tsiro ake samun sa, tun shekarun 1960 ake amfani da shi a gabashin Turai. Ba kowane kemis ke da waɗannan ba, kuma wasunsu suna da tsada. Amma a yi lissafi. A ce kara naira 50 ne, mai shan 10 yana ƙona naira 500 a rana, 15,000 a wata, 182,500 a shekara, kuma ba ranar gamawa. Magani wata uku ne. A saya a kanti mai rajista, a duba lambar NAFDAC, kada a karɓa daga mai tallan magani a cikin mota. Mai son ganin likita ya fara da cibiyar lafiya ta unguwarsu. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na jiha da ke Ikeja suna da likitocin ƙirji da na ƙwaƙwalwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba kuma yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Na san yadda sunan Yaba yake a bakin mutane, amma zuwa can neman rabuwa da taba ba hauka ba ne. Wanda harshe zai ba shi matsala ya tafi da ɗan'uwa mai jin Turanci ko Yarabanci.

Wasu kan nemi tsaka-tsaki. Ragewa zuwa kara ɗaya ko biyu ya fi ashirin, amma ba kamar yadda ake zato ba: mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan 20. Ragewa tana da amfani ne in tsani ce zuwa ranar da aka tsayar. Shisha kuwa, da samari da 'yan mata ke ɗauka ƙamshi ce kawai, ruwan da ke cikinta ba ya tace guba, zaman awa guda hayaƙin da ake zuƙa ya ninka na kara ɗaya sau 100 ko fiye, ga na gawayi a kai. Taba gari da ake sawa a leɓe ko a shaƙa nikotin ɗin ne dai, da haɗarin ciwon daji na baki. Sigarin lantarki, wato na'urar da ke ɗumama ruwa mai nikotin a zuƙi tururinsa, ana jayayya a kansa. A Birtaniya hukumomin lafiya na amfani da shi wajen taimakon mashaya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ba ta sa shi cikin abin da ta ba da shawara ba. Ra'ayina, a kasuwar da ba ka san abin da aka zuba a kwalbar ba, filasta da cingam sun fi aminci, kuma mai haɗa lantarkin da sigari bai tsira daga komai ba.

In aka zame fa, aka sha ɗaya a wurin biki ko ranar da aka samu mummunan labari daga gida? Ƙa'idar ita ce ko zuƙa ɗaya kada a yi, domin gurabun nan na ƙwaƙwalwa ba su manta ba, ɗaya kan jawo na biyu. Amma in ta faru, abin da ke rusa mutum shi ne ya ce shi ke nan na lalace, ya aika a sayo kwali. A jefar da saura a wannan sa'ar, kada a cire filasta, a tambayi kai me ya kawo wannan, a yi masa tanadi. Yawancin waɗanda suka rabu da taba har abada sai da suka gwada sau da dama. Iyali ma su san wannan. Matar da mijinta ya koma bayan kwana goma, in ta ce "dama na sani", ta rufe ƙofar yunƙuri na gaba. In ta ce, "Maigida, kwana goma fa ka yi, yaushe za mu sake sa rana?" ta bar ta a buɗe. Fushin makon farko ma a yi masa uzuri, na jiki ne, zai wuce. Su ma suna da riba a ciki, domin a ɗaki ɗaya na gidan haya hayaƙin uba yara ne ke shaƙar sa, shi ke ƙara musu ciwon ƙirji da asma da ciwon kunne.

Jiki ba ya jinkirin biya. Cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka, cikin awa 12 iskar janaretan nan ta koma daidai a jini. Daga mako 2 zuwa 12 numfashi ke buɗewa, ɗan dako zai ji bambanci a kan gadar sama da kaya a kansa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu zuwa kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 na ciwon dajin huhu ma haka. Wanda ya daina yana ɗan shekara 30 yakan ƙwato kusan shekara 10 da taba za ta ci masa, mai 40 shekara 9, mai 50 shekara 6, mai 60 ma shekara 3. Rai na hannun Allah, amma wannan shi ne abin da aka gani a kan dubban mutane, kuma dattijon da ke cewa lokaci ya ƙure masa ya duba adadin ƙarshen nan.

Tari kan ƙaru a makonnin farko, har wasu su tsorata su ce gara lokacin da suke sha. Ƙananan gasun da ke share hanyar numfashi ne, waɗanda hayaƙi ya kashe wa jiki, suka farfaɗo suna fitar da dattin da ya taru, kuma yana lafawa. Amma kada a fake da wannan. Mashayi ya fi wanda ba ya sha haɗarin kamuwa da tarin fuka, Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa, kwana mutum shida a ɗaki ɗaya kuma yana yaɗa ta. Tarin da ya kai mako biyu tare da zazzaɓi, gumin dare, rama, ko jini a majina, na asibiti ne, ko an daina taba ko ba a daina ba. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana shan maganin wata 6, kuma in an samu mutum ɗaya da ita, abokan ɗakinsa ma su je a duba su.